Nazarin Lamari: Sikanin Ƙirji a Ƙaramin Asibiti, Likita Yana Karantawa Daga Nesa

Lamarin da za a bi diddiginsa a nan misali ne na koyarwa, wanda aka harhaɗa daga irin abubuwan da ke faruwa a ƙananan asibitocin da ke aika hoton sikanin ga likitan da yake wani gari, shi ya sa ba a ambaci sunan mutum ko na wuri ba. Mutum uku ne a cikinsa: wata dattijuwa mai shekara 63, da nas ɗin da ke kula da masu cututtukan da ake daɗewa ana fama da su a asibitin da take zuwa, da kuma likitan zuciya wanda ya shafe makonni yana ba da shawara kan maganinta ba tare da ya taɓa ɗora mata hannu ba.

Halin da ta zo da shi

Dattijuwar ta shekara 11 tana shan maganin hawan jini, ta kuma shekara 6 da ciwon suga, kuma ba ta cikin masu wasa da ranar asibiti, domin katinta ya nuna duk wata tana zuwa karɓar amlodipine da metformin. Wata huɗu kafin ranar da wannan bayani ya fara, ta soma kokawa da haki idan ta yi 'yar tafiya, da tarin da ke tayar da ita cikin dare, kuma da aka saurari ƙirjinta aka ji wata ƙara mai kama da fito, sai aka rubuta asma a kati aka ba ta maganin shaƙa. Da ƙafafunta suka fara kumbura, sai aka ɗora wa amlodipine laifi, domin lallai an san shi da kumbura idon sawu. Kowanne daga cikin bayanan biyu yana da hujjarsa idan aka ɗauke shi shi kaɗai, kuma hakan ne ya sa aka yi wata huɗu ba wanda ya haɗa su wuri guda.

Ranar da ta dawo, nauyinta ya tashi daga kilo 71 zuwa 75 cikin wata guda, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matashi uku, awon jininta 158 bisa 94, zuciyarta na bugawa sau 104 a minti, iskar da ke jininta kuma kashi 93 cikin 100. Nas ɗin ta zauna kusa da ita ta ce wa Mama ta lissafo mata duk abin da take sha, har da wanda ba asibiti ne ya rubuta ba, a nan ne ya fito cewa kusan kullum tana shan diclofenac saboda ciwon gwiwa. Irin wannan maganin kashe zafi yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, yana kuma ƙara hawan jini, don haka ga mai raunin zuciya yana iya zama abin da zai tunkuɗa shi cikin matsala.

Zargin nas ɗin ya tafi kan gazawar zuciya, wato halin da zuciya ba ta iya tura jini yadda jiki ke buƙata, har ruwa ya riƙa taruwa a huhu da ƙafafu. Sai dai zargi daban, tabbaci daban. Abin sauraron ƙirji ba ya wadatarwa a nan, domin mai daɗaɗɗiyar gazawar zuciya yakan tara ruwa a huhu ba tare da an ji ƙarar da aka saba ji ba, kuma fiton da ruwa ke haddasawa yakan yi kama da na asma ƙwarai. Asibitin ba shi da na'urar hoton ƙirji ta X-ray, zuwa wurin likitan zuciya kuma tafiyar yini ce, bayan jiran layi na makonni.

Na'urar da tsarin aikinta

Abin da asibitin ke da shi shi ne ƙaramar na'urar sikanin da ake riƙewa a hannu ana jona ta da waya. Kan na'urar yana aika amon sautin da kunne ba ya ji cikin jiki, amon ya bugi gaɓɓai ya dawo, manhaja kuma ta mayar da abin da ya dawo hoto mai motsi. Fasahar ba sabuwa ba ce: tun 1953 a birnin Lund na ƙasar Suwidin, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka ga motsin zuciya da na'urar da suka aro daga masu binciken tsagewar ƙarfe a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa. Abin da ya sauya shi ne girma da sauƙin samu, musamman daga lokacin da ƙananan na'urori irin su Vscan da Lumify da Butterfly iQ suka shigo kasuwa, ta ƙarshen ta samu amincewar hukumar abinci da magunguna ta Amurka a 2017.

Ɗaukar hoton a wuri guda a karanta shi a wani wuri shi ma yana da tarihi. A farkon shekarun 2000 hukumar NASA ta gwada shi a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda 'yan sama jannatin da suka samu horon sa'o'i kaɗan suka riƙa ɗaukar hoto ƙwararru na yi musu jagora daga ƙasa. A jihar Minas Gerais ta Brazil, shirin PROVAR ya sa ma'aikatan da ba likitoci ba suna ɗaukar hoton zuciyar 'yan makaranta don gano lalacewar ƙyauren zuciya, wato 'yan ƙofofin da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya, likitocin zuciya a Brazil da Amurka suna karantawa ta intanet. Hanyoyin biyu ne ke nan: ko a ɗauka a aika a karanta daga baya, ko kuma a yi kiran bidiyo likita yana gani kai tsaye. Asibitin da muke magana a kansa ya dogara ne da hanyar farko, domin ba ta buƙatar intanet mai ƙarfi, ba ta kuma buƙatar mutanen biyu su samu sarari a lokaci guda, yana ajiye ta biyun don inda aka cije.

Horon da nas ɗin ta samu na kwanaki kaɗan ne, kuma da gangan aka taƙaita abin da za ta nema. Tambayoyi huɗu ne kacal a takardar da take cikewa: akwai alamar ruwa a cikin huhu, akwai ruwa kwance a gefen huhu ko a jakar zuciya, babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya daga ƙasan jiki ta cika ko ta lotse, sannan ɗakin zuciya na hagu yana matsewa da kyau ko ya yi rauni. Za ta ɗauki guntun bidiyo na sakan 6 a wurare takwas na ƙirji, huɗu a dama huɗu a hagu, ta ƙara da na zuciya da na babbar jijiyar, ta rubuta wa kowanne sunan wurinsa, ta haɗa da nauyi da awon jini da jerin magunguna, sannan ta aika ta manhajar da asibitin ya tanada.

Ranar farko

Bidiyon huhu sun fito da kyau. An daɗe ana ganin huhu ba wurin sikanin ba ne, saboda iska tana mayar da amon sauti tun daga bakin ƙofa, sai da likitan Faransa Daniel Lichtenstein da wasu suka nuna cewa ita kanta inuwar da ke fitowa tana ɗauke da bayani. Lafiyayyen huhu yana nuna layuka kwance masu maimaita juna, waɗanda ake kira layukan A. Idan ruwa ya jiƙa saƙar huhu, sai a ga wasu layuka masu haske suna saukowa a tsaye daga tantanin huhu har ƙasan allo, suna motsi tare da numfashi, su ne layukan B. Shawarwarin ƙasa da ƙasa da aka fitar a 2012 sun ɗauki layuka uku ko fiye a tsakanin haƙarƙari biyu a matsayin alama, kuma idan aka samu haka a wurare biyu ko fiye a kowane ɓangare, to matsalar ta game huhun duka. A wurin dattijuwar an same su a shida daga cikin wurare takwas, a ƙasan ɓangaren dama kuma akwai ɗan ruwa kwance a saman hanta.

Likitan ya amsa bayan sa'a biyu, dattijuwar tana zaune tana jira. Ya yarda da abin da nas ɗin ta gani a huhu, ya ƙara da cewa tantanin huhun siriri ne mai santsi a ko'ina, abin da ke ƙarfafa cewa ruwa ne daga zuciya. Wannan ƙarin yana da muhimmanci, domin layukan B ba na gazawar zuciya kaɗai ba ne, suna fitowa a nimoniya da tabon huhu, amma a can tantanin yakan yi kaushi da kauri, layukan kuma su taru a wani wuri su bar wani. Irin wannan bambanci ne idon da ya ga dubban hotuna yake kamawa, wanda horon kwanaki ba ya bayarwa.

A sauran bidiyon kuwa ya ƙi bayar da amsa. Wanda aka rubuta wa sunan babbar jijiyar ƙasa, in ji shi, ba ita ba ce, babbar jijiyar da ke fita da jini daga zuciya ce, wato awota, domin bangonta mai kauri ne mai haske, tana harbawa daidai da bugun zuciya, kuma ba a ga inda jijiyar hanta ta shiga cikinta ba. Jijiyoyin biyu maƙwabta ne, karkata hannu kaɗan ya isa ya kai mutum daga wannan zuwa waccan. Bidiyon zuciya kuma an yanke su a karkace, ta yadda ƙarshen ɗakin hagu bai fito ba, kuma irin wannan yanka yakan sa zuciya ta yi kamar tana matsewa fiye da yadda take yi a zahiri. Ya rubuta cewa ba zai faɗi ƙarfin zuciyar daga waɗannan hotuna ba, ya nemi a kira shi.

A ganina wannan ƙin amsa shi ne aiki mafi kyau da likitan ya yi a duk tsawon lamarin. Mai karatu daga nesa yana cikin wani matsi da ba a cika faɗa ba: ya san an sha wahala kafin a ɗauki hoton, ya san mara lafiya na jira, kuma idan ya ce hoton bai yi ba, kamar ya gwasale abokiyar aiki ne. Sai dai ba ya ganin komai sai abin da hannun da ke riƙe da na'urar ya nuna masa. Likitan da ke gefen gado idan bai gamsu ba sai ya juya hannu ya sake dubawa, shi kuwa na nesa sakan shida aka ba shi, kuma duk abin da ya rubuta zai shiga kati da nauyin sunan ƙwararre, ya bi mara lafiyar shekaru.

Kiran bidiyon ya ɗauki kusan minti 20, sau biyu sabis yana ɗaukewa. Likitan ya ce wa Sista ta kwantar da Mama a kan gefenta na hagu, domin hakan yana kawo zuciya kusa da bangon ƙirji ya kawar da huhu daga hanya, sannan ta ɗora kan na'urar a gefen ƙashin ƙirji na hagu, alamar da ke jikinsa tana kallon kafaɗar dama. Wahalar da suka fara sha ta harshe ce. Idan ya ce ta matsa sama, ita tana fahimtar ta zame na'urar zuwa wuya, shi kuwa yana nufin ta karkata ta ba tare da ta bar wurin ba, kuma jinkirin da ke tsakanin motsin hannunta da isar hoton wurinsa ya sa sau da yawa yana cewa ta tsaya bayan ta riga ta wuce. Sai da suka tsayar da kalma ɗaya ga kowane motsi, zamewa da juyawa da karkatawa, suka kuma yarda ta riƙa yin motsi guda ta dakata, sannan hoton ya zauna.

Da zuciyar ta fito sosai, nas ɗin ta ga baƙin fili a bayanta, ta firgita, domin an koya mata cewa ruwa a jakar zuciya na iya danne zuciyar ya kashe mutum cikin gaggawa. Likitan ya sa ta ƙara zurfin hoton har wani ɗan da'ira ya bayyana a bayan zuciya, wanda shi ne awota a inda take gangarowa ta cikin ƙirji. Ruwan jakar zuciya yana ratsawa ne ta gaban wannan da'ira, tsakaninta da zuciya, ruwan gefen huhu kuwa yana kwanciya ta bayanta. Na dattijuwar ta baya yake. Da babu wanda zai nuna wannan, da an ɗauke ta a motar gaggawa an yi tafiyar yini a kan abin da maganin fitsari zai kawar, kuma da zurfin hoton ya tsaya inda nas ɗin ta fara sa shi, da shi kansa likitan ba zai iya bambancewa ba.

Sakamakon ranar ya tsaya kamar haka. Ɗakin hagu ya buɗe, bangonsa ba ya matsowa sosai, don haka likitan ya rubuta cewa ƙarfin matsewa ya ragu ƙwarai, bai sa adadi ba. Babbar jijiyar ƙasa, da aka same ta a wannan karo, faɗinta ya wuce santimita 2.1, kuma ba ta lotsewa ko da rabi idan dattijuwar ta ja numfashi da sauri, wanda a ma'aunin masana hoton zuciya alama ce ta cewa jini ya yi cunkoso a ɓangaren dama. An dakatar da diclofenac da maganin shaƙa, an fara furosemide, wato maganin fitsari mai fitar da ruwa daga jiki, miligiram 40 sau biyu a rana, an maye amlodipine da ƙaramin awo na lisinopril bayan gwajin jini ya nuna ƙoda da fotasiyam lafiya, an kuma rubuta mata takardar zuwa babban asibiti don cikakken hoton zuciya. Likitan ya jaddada cewa kada a fara maganin rage bugun zuciya irin su carvedilol tukuna, sai ruwan ya sauka, domin fara shi a kan cunkoso yana iya ƙara dagula numfashi. An gaya wa dattijuwar da 'yarta cewa idan numfashi ya tsananta cikin dare kada su jira ranar dawowa.

Bayan mako guda nauyinta ya koma kilo 72.5, tana kwana da matashi ɗaya, layukan B sun rage a wurare biyu kawai na ƙasa, gwajin jini kuma bai sauya ba. Bidiyon da nas ɗin ta aika a wannan karo duka sun karantu.

Rahoton da ya kwana a manhaja

Matsalar ta zo ne a rana ta 18, wadda ta faɗo ranar ƙarshe ta aikin mako. Dattijuwar ta iso da yamma, ta ce numfashi ya yi daɗi amma jikinta ba ƙarfi, kuma idan ta miƙe tsaye sai ta ji jiri. Nauyinta kilo 69.5, wato ya sauka ƙasa da wanda aka san ta da shi kafin ruwa ya taru, awon jininta 102 bisa 64, yana ƙara faɗuwa idan ta tashi. A sikanin huhun ya bushe sarai, layukan A ne a ko'ina, babbar jijiyar ƙasa kuma ta zama siririya tana rufewa gaba ɗaya da kowane numfashi. Nas ɗin ta aika bidiyon, ta jira har lokacin tashi, amsa ba ta zo ba, sai ta ce wa Mama ta ci gaba da magani yadda aka rubuta har a ji daga likita.

Likitan ya buɗe saƙon da dare, ya rubuta cewa a tsayar da furosemide da lisinopril na ɗan lokaci a duba ƙoda washegari, ya danna aikawa, a ransa ya sauke nauyi. Rahoton ya shiga akwatin nas ɗin ita kaɗai, ita kuma tana hutun ƙarshen mako, wanda ke bakin aiki ba shi da izinin shiga manhajar. Kwana biyu dattijuwar ta ƙara tana shan maganin fitsari a kan busasshen jiki. Safiyar da aka dawo aiki 'yarta ta kawo ta a riƙe, bayan ta yanke jiki a ɗaki, kuma gwajin kiriyatinin, wanda ke nuna aikin ƙoda, ya tashi daga 88 zuwa 150. An tsayar da magungunan biyu, an ɗage metformin har ƙodar ta farfaɗo, an ba ta ruwa ta baki a hankali ana lura da huhun da sikanin don kada a koma gidan jiya. Cikin kwana tara awon ya dawo kusa da yadda yake.

Da aka zauna bitar abin da ya faru, ba a samu kuskure ko ɗaya a ɗaukar hoto ko karanta shi ba. Hoton ya yi kyau, fassarar ta yi daidai, shawarar ma daidai ce. Giɓin yana tsakanin rubuta rahoto da isarsa ga mai aiwatarwa, domin tsarin bai bambanta saƙon da zai iya jira da wanda ba zai iya ba, bai kuma faɗi wanda zai ɗauki waya ya kira ba. Likitan ya amince cewa da yana cikin asibitin ne ya ga irin wannan, da bakinsa zai faɗa kafin ya tafi gida, kuma maɓallin aikawa ne ya sa ya ji kamar ya faɗa.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ɗaure kai. Nas ɗin ba ta buƙatar sikanin kafin ta san cewa mace mai jiri, wadda nauyinta ya faɗi ƙasa da na asali, awon jininta kuma ya sauka haka, ta sha maganin fitsari fiye da kima. Shekara biyu da suka wuce, kafin a kawo na'urar, da kanta za ta rage maganin ba tare da ta tambayi kowa ba, kuma ka'idar aikinta ta ba ta wannan dama. Samun ƙwararre a ƙarshen layi ne ya sa ta ji cewa hukuncin ba nata ba ne yanzu. Ban ga laifinta sosai ba, domin makonni uku ke nan duk wani sauyin magani daga wurinsa yake fitowa, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya ce mata ikon da take da shi a da yana nan.

Gyaran da aka yi bai buƙaci sabuwar na'ura ba. An raba saƙonni gida biyu, na gaggawa wanda dole a amsa cikin sa'a guda ta kiran waya, da na yau da kullum wanda zai iya kaiwa yini. An buɗe akwati guda na asibiti wanda duk mai bakin aiki zai iya gani. An rubuta a kati nauyin da ake son dattijuwar ta tsaya a kai, tare da umarni bayyananne cewa idan ta sauka ƙasa da shi tana jiri nas ta rage furosemide nan take ta sanar daga baya, idan kuma ta ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 a dawo da ita a duba huhu. An kuma hana aika bidiyo ta WhatsApp, wanda wasu suka fara yi don sauri, saboda yana matse bidiyo har siraran layuka su dushe, kuma yana barin hoton jikin mara lafiya a wayar mutane da yawa ba tare da izininsa ba.

Abin da bincike ya nuna, da inda ya tsaya

Dalilin bibiyar huhu da sikanin a wurin masu gazawar zuciya yana da tushe. A gwajin LUS-HF da aka yi a Basalona aka wallafa a 2019, an bi marasa lafiya 123 na wata shida bayan sallama daga asibiti, kuma waɗanda likitocinsu ke ganin adadin layukan B kafin daidaita magani sun fi ƙarancin zuwan gaggawa, ko da yake ba a ga bambanci a mace-mace ba. A wurin masu wankin ƙoda kuwa, gwajin LUST na 2021 ya nuna an rage ruwan huhu, amma bai nuna raguwa tabbatacciya a mutuwa da manyan matsalolin zuciya ba. Ya kamata a lura cewa a waɗannan gwaje-gwaje sakamakon hoton yana hannun masu ba da magani a lokacin da mara lafiya ke gabansu. Da zarar an sa tazara da jiran amsa a tsakani, an ƙara wata gaɓa a sarƙar, kuma a lamarin dattijuwar nan wannan gaɓar ce ta tsinke.

Manhajojin da ke yi wa mai ɗaukar hoto jagora suna iya rage wahalar ranar farko. A watan Fabrairun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Caption Guidance, wadda ke nuna wa wanda ba ƙwararre ba inda zai karkata hannu har hoton zuciya ya fito daidai. Irin wannan zai iya hana yankan karkace, amma ba shi da abin cewa game da rahoton da ya kwana biyu ba a buɗe ba, ba zai kuma tambayi dattijuwa abin da take sha don ciwon gwiwa ba. Tsarin PEN-Plus da ƙasashen Afirka mambobin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da shi a Lome a 2022, wanda ya samo asali daga aikin da aka yi a asibitocin gundumomi na Ruwanda, ya ɗora nauyin kula da irin waɗannan cututtuka ne a kan ma'aikatan jinya da aka horar suna yanke hukunci da kansu, ƙwararre kuma yana duba aikinsu yana gyarawa, kuma wannan tsari ne asibitin ya koma kansa bayan bitar.

Dattijuwar ta samu zuwa babban asibiti a mako na bakwai. Cikakken hoton ya nuna ɗakin hagu yana fitar da kusan kashi 35 cikin 100 na jinin da ke cikinsa a kowane bugu, wanda ya sa ta cikin rukunin masu raunin matsewar zuciya, wato masu kashi 40 zuwa ƙasa, bangon ya yi kauri irin na daɗaɗɗen hawan jini, ƙyauren zuciya kuma babu mummunar lalacewa. An kuma ga ɗan yoyo a ƙyauren hagu wanda ƙaramar na'urar ba ta nuna ba, domin ba ya cikin tambayoyi huɗun da aka sa ta amsawa. An mayar da lisinopril, an fara carvedilol da ƙaramin awo, daga baya aka ƙara spironolactone ana duba fotasiyam bayan mako guda da kuma bayan wata, ana kuma shirin ƙara dapagliflozin wanda ke amfanar zuciya da suga gaba ɗaya.

A wata na uku nauyinta ya tsaya a kilo 71 a kan furosemide sau ɗaya a rana. Nas ɗin tana yin sikanin huhu a kowace ziyara, tana rubuta nata karatun da matakin da ta ɗauka kafin ta aika, likitan kuma yana kwatanta nasa da nata. A ziyarori biyar na ƙarshe sun saɓa sau ɗaya, a kan wasu gajerun layuka da ba su kai ƙasan allo ba waɗanda ta ƙirga a matsayin layukan B. Gwiwar dai har yanzu tana ciwo, paracetamol bai cika yi mata ba, kuma a ziyarar da ta gabata 'yarta ta zo da ragowar katin diclofenac da ta tsinta a ƙarƙashin matashi, an ɓalle ƙwaya uku.